Yadda Kari da Amsa-amo Ke Tsare Waƙar Salla

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ɗalibai, da ku iyayenmu da kuke sa yara su karanta muku wannan mujalla bayan sallar lisha, wani ɗan abu ne ya faru a aji huɗu, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Na lura babin rafkanwa na littafin Ahalari yana ba yaran wuya, musamman bambance ƙabli da ba'adi. Sai na tsara musu 'yan baitoci don su riƙa rerawa. Na rubuta a allo da ajami, na kuma rubuta da boko a ƙasa, kowa ya kwafa. Bayan kwana biyu wata yarinya ta zo tana sunkuyar da kai, ta ce kakarta ta ce a gaida Malam, a kuma gaya masa waƙarsa tana ɗingishi. Ban ɓoye muku ba, da farko raina ya ɗan sosu. Na ce ta kawo littafinta in gani. Ina dubawa sai na ga ashe wajen kwafa ta musanya kalmomi biyu: inda na sa "ragi" ta sa "ƙari", inda na sa "ƙari" ta sa "ragi". Wato hukuncin ya juye gaba ɗaya. Tsohuwar nan ba ta karanta boko, ba ta kuma taɓa zama gaban malamin aruli ba. Kunnenta ne kawai, wanda ya saba da waƙoƙin wa'azi tun tana budurwa, ya ji ƙafar waƙa ta gurɗe. Allah Ya saka mata da alheri.

To, yaya aka yi kunne ya kama kuskuren fiƙihu? Ga baitocin tukuna, yadda na tsara su. Na farko shi ne amshi:

Mu dage da salla a kan lokaci,
Mu san kabbara har zuwa sallama.

Ragi in ya same ka, ƙabli ka yi,
Ka yo sujjada tun gaban sallama.

Idan ko da ƙari fa, ba'di ka yi,
Ka yo sujjada can idan ka gama.

Idan duk biyun ne fa, ƙabli ka yi,
Ragi ya fi ƙarfi, ka bar gardama.

KARI

Kowace kalma da ka furta tana tafiya ne gaɓa-gaɓa. Gaɓoɓin Hausa kuwa iri biyu ne wajen awo. Akwai marar nauyi, wato baƙi ɗaya da gajeren wasali, kamar "da" ko "mu" ko "a". Akwai kuma mai nauyi. Ita mai nauyi ko dai wasalinta a ja shi, kamar "zo" da "ne", ko ta ƙare da baƙi mai ɗauri, kamar "tun" da "kan" da "har", ko ta zo da tagwan wasali, kamar "sai" da "kai". Karin waƙa shi ne jera waɗannan gaɓoɓi bisa tsari guda, wanda zai yi ta dawowa daga farkon waƙa har ƙarshenta.

Wanda ya fara tattara wannan ilmi ya yi masa dokoki shi ne Halilu ɗan Ahmadu Alfarahidi, mutumin Basra, malamin Sibawaihi, wanda ya rasu wajen shekara ta 170 bayan Hijira. Ya bi waƙoƙin Larabawa ya auna su, ya fitar da ma'auni 15. Kowane ma'auni ana kiransa bahari, wato teku. Daga baya Ahfashu ya ƙara ɗaya suka zama 16. Ilmin shi ake kira aruli. Da malamanmu na ƙasar Hausa suka zo rubuta waƙa da harshensu, sai suka tarar ma'aunin nan ya zauna wa Hausa daram, don ita ma Hausa, kamar Larabci, tana bambance dogon wasali da gajere. Shi ya sa za ka sami rubutattun waƙoƙinmu a kan Kamil da Basiɗ da Wafir da Ramal da sauransu.

Baitocinmu a kan Mutaƙarab suke. Ƙafarsa ita ce fa'uulun: gaɓa marar nauyi ɗaya, sai masu nauyi biyu. Idan ka ga dama ka ce da-dam-dam. Ana jera ƙafa huɗu a ɗango, amma a nan an yanke wa ta ƙarshe gaɓa ɗaya, kuma malaman aruli sun yarda da haka. Ɗora tafin hannunka a kan gwiwa ka buga tare da ni. Alamar (v) ta marar nauyi ce, alamar (–) ta mai nauyi:

Ra-gi-in / ya-sa-me / ka-ƙab-li / ka-yi
v – – / v – – / v – – / v –

Gaɓar ƙarshen ɗango kullum ana lissafa ta mai nauyi, don mai rerawa yana jan ta ko da gajera ce.

Yanzu sai ka gwada yadda yarinyar nan ta kwafa. Ka ce "Ƙari in ya same ka". Me ka ji? "Ra" ta "ragi" gajera ce, ana wuce ta da sauri. "Ƙa" ta "ƙari" kuwa doguwa ce, sai an ja ta. Ka fara ɗango da masu nauyi uku a jere, alhali wurin na marar nauyi ne. Koma baiti na gaba ka ce "Idan ko da ragi fa". Nan kuma marasa nauyi biyu sun haɗu, "da" da "ra", harshe ya yi tuntuɓe. Ɗingishin da tsohuwa ta ji ke nan, sau biyu.

Abin da ya ruɗi yarinyar kuwa na gane shi. A boko "ragi" da "ƙari" kowace harafi huɗu ce, tsawonsu ɗaya a ido. Kuma "ƙari" da "ƙabli" duk da harafi ɗaya suka fara, don haka zuciyar yaro takan so ta haɗa su aure. Na sha jin wannan kuskure har a bakin manya. Amma dubi shafin ajami na wannan mujalla. Can za ka ga "ƙari" an rubuta ta da alif bayan ƙaf, "ragi" kuwa ra ce da wasali bisa kawai, sai angai. Ajami yana nuna maka nauyin gaɓa ƙuru-ƙuru: duk harafi mai wasali da ɗauri ya biyo shi, ko alif ko wau ko ya na ja, to, mai nauyi ne. Harafi mai shadda kuma biyu ne, na farko ɗaurarre, shi ya sa "sal" ta "salla" da "kab" ta "kabbara" suke da nauyi. Boko ba ya nuna jan wasali ko kaɗan. Dubi ɗangon nan: "Ka yo sujjada can idan ka gama." Akwai "ka" biyu a ciki, a boko kamarsu ɗaya. Ta farko gajera ce, ta umurni. Ta biyu doguwa ce, ta aikin da ya kammala. Wanda ya karanta daga ajami ba zai rikice ba. Saboda haka ni a ra'ayina, duk waƙar da za ku haddace, ku fara kwafar ta da ajami, boko ya zo daga baya. Ba raina boko nake yi ba, da shi kuke karanta wannan bayani. Amma kowane kayan aiki da inda ya fi ƙarfi.

Akwai wani abu da ke ɓoye ɗingishi, shi ne zaƙin murya. Yaro ya ji wani mai daɗin murya a rediyo ko a wayar babansa, ya ɗauko muryar ya ɗora wa baiti, inda gaɓa ta gaza ya ja ta, inda ta yi yawa ya haɗiye ta. Sai waƙa ta fita sumul alhali a karye take. Idan kana son ka gane lafiyar baiti, ajiye rerawa, ka faɗe shi da maganar baka kana buga gwiwa. Kuma kada wani ya ce wannan aiki sai mai ido a takarda. Malam Aliyu Namangi na Zariya, mai Imfiraji, wanda ya rasu a 1990, makaho ne. Da kunne ya auna baitocinsa.

AMSA-AMO

Amsa-amo shi ne Larabawa ke kira ƙafiya. A Hausa, gaɓar da baiti ke ƙarewa da ita ce, baƙinta da wasalinta. A waƙarmu "ma" ce: sallama, gama, gardama. Wannan shi ne babban amsa-amo, wanda ke ɗaure waƙa tun daga baitin farko har na ƙarshe. Sau da yawa ma da shi ake yi wa waƙa suna. Burda ta Imamu Busiri, wadda ke kan Basiɗ, duk baitocinta da mim suke ƙarewa, sai a ce mimiyya ce. Ɗayar waƙarsa da hamza take ƙarewa, shi ya sa ake ce mata Hamziyya. Ishiriniya ta Alfazazi, wadda ake rerawa a garuruwanmu musamman a watan Maulidi, ita kuma kowane harafi an ba shi baiti ashirin masu ƙarewa da shi, daga nan sunanta ya fito.

Waƙarmu 'yar ƙwar biyu ce, ɗango biyu a kowane baiti. Idan baiti ya kai ɗango huɗu ko biyar, sai ƙaramin amsa-amo ya shigo. A 'yar ƙwar biyar, ɗango huɗu na farko su yi amo ɗaya a tsakaninsu, wanda zai canja a baiti na gaba, na biyar kuma ya komo kan babban amsa-amo. Wani lokaci malami yakan ɗauki 'yar ƙwar biyu ta wani malamin ya ɗora ɗango uku a gaban kowane baiti, ta koma ƙwar biyar. Wannan shi ne tahamisi, kuma Ishiriniyar da muke ji da tahamisin Ibnu Mahib ake rera ta.

Akwai kuma wata hanya da malaman fiƙihu da nahawu suka fi so. Maimakon amo ɗaya tun daga farko har ƙarshe, sai kowane baiti rabinsa na farko ya amsa wa rabinsa na biyu, baiti na gaba ya zo da nasa amon. Haka Ibnu Ashir, malamin Fas da ya rasu a shekara ta 1040 bayan Hijira, ya yi a Murshidul Mu'in, baiti ɗari uku da 'yan kai a kan Rajaz, inda ya jera tauhidi da tsarki da salla da sauran ibada bisa mazhabar Imamu Malik. Haka ma Alfiyyar Ibnu Malik a nahawu. Dalili a fili yake. Mai jera hukunce-hukunce da yawa ba zai iya tsare kansa a harafi ɗaya ba sai ya matse ma'ana.

Wannan matsi kuwa ni ma na ɗanɗana shi, bari in tona wa kaina asiri. "Ka bar gardama" da ke ƙarshen baiti na uku, ba don wani ya yi mini gardama na sa ta ba, "ma" nake nema. Ta dai zauna lafiya, ba ta ɓata komai ba. "Ba'adi" kuma na mayar da ita "ba'di", yadda take a Larabci, don gaɓa uku ba su shiga wurin. Wannan ma da sauƙi. Wanda ya fi damuna shi ne kalmar "biyu". Sujjadar rafkanwa guda biyu ce, ƙabli ce ko ba'adi. Na juya ɗangon nan iya juyawa, "biyu" ta ƙi shiga ba tare da ta karya ƙafa ba, na haƙura na bar ta a waje. To, yaron da ya riƙe waƙa kaɗai bai zauna an yi masa bayani ba, zai iya yin sujjada ɗaya ya tashi. Don haka ku rubuta a gefen baitin da jan biro: sujjada biyu, da tahiya bayansu, sannan sallama.

Haka kalmar "ragi". Ba kowane ragi ake nufi ba. Ragin sunna mai ƙarfi ake nufi, kamar mantuwa da sura bayan Fatiha, ko zaman tahiyar farko, ko asirta karatu a inda ake bayyanawa. Wanda ya bar farilla, kamar ruku'u ko sujjada, ƙabli ba ta gyara masa, sai ya kawo abin da ya bari. Wanda kuma ya manta alƙunutu a sallar asuba babu wata sujjada a kansa. Duk wannan ba ya cikin baitin. Baiti marataya ce, bayanin malami shi ne rigar da ake ratayewa.

Kuma kada ku ɗauka kari yana kama kowane ɓarawo. "Ƙabli" da "ba'di" nauyinsu ɗaya, masu nauyi biyu-biyu. Da yarinyar nan waɗannan ta musanya, da tsohuwa ba ta ji komai ba, waƙa ta tafi lafiya lau da hukunci a juye. A nan abin da zai cece ka shi ne sanin ma'anar kalmar: ƙabli daga "kafin" take, ba'adi daga "bayan". Shi ya sa na bi kowace da fassararta a ɗango na biyu, "tun gaban sallama" da "can idan ka gama".

Wani zai ce, to Malam, in an musanya ɗin me zai faru? Malamanmu sun ce wanda ya gabatar da ba'adi ko ya jinkirta ƙabli sallarsa ba ta ɓaci da wannan kaɗai ba, ko da yake ba a son a yi haka da gangan. Haɗarin yana wani wuri. Ba'adi ko an daɗe ana iya yin ta duk lokacin da aka tuna. Ƙabli kuwa ba ta jira. Wanda ya saba ɗaukar ragi a matsayin abin gyarawa bayan sallama, wata rana zai bar zaman tahiyar farko, ya sallame, wani ya yi masa magana, ya fita masallaci ya kama harkarsa. Idan lokaci ya yi tsawo, kuma abin da ya bari ya kai sunna uku, kamar wannan zaman, to, sallar ta ɓaci sai ya sake ta. Kun ga inda kalma ɗaya a littafin 'yar aji huɗu za ta iya kai mutum bayan shekara ashirin.

MAIMAITAWA

Malaman ƙafiya na Larabci suna ganin aibi ne mawaƙi ya maimaita kalmar amsa-amo da ma'anarta ɗaya kafin baiti bakwai su wuce. Suna ganin alama ce ta ƙarancin kalmomi. Wannan gaskiya ne a waƙar nuna gwaninta. Amma waƙar koyarwa da ta wa'azi tana da wata maimaitawa ta ganganci, wadda ita ce ƙarfinta.

Dubi baitocinmu. Ɗangon farko na kowane baiti da "ka yi" ya ƙare. "Ka yo sujjada" ta zo sau biyu a wuri ɗaya. "Idan" ta buɗe baiti biyu. Na yi haka ne don abin da bai canja ba ya zauna wuri ɗaya, hankalin yaro ya tafi kan abin da ya canja. In ka ajiye ƙwarya biyu iri ɗaya, ɗaya da gero ɗaya da dawa, idon mai kallo kan hatsin zai faɗa. Da na sake wa kowane baiti fasali, da yaro ya shagala da sabon fasalin ya manta hukuncin.

Sai amshi. Shi ne baitin da jama'a ke maimaitawa bayan kowane baiti. Amfaninsa a aji kun san shi: mai bayarwa ya huta ya tuno baiti na gaba, wanda bai haddace komai ba shi ma ya sami abin faɗa, har ƙanenku da ke rarrafe a tsakar gida ya tashi da shi a baki. Don haka abin da ya fi muhimmanci shi ake sa wa a amshi. Ni na zaɓi lokaci da sanin salla tun daga kabbarar harama, don wanda bai tsai da salla a kan lokacinta ba, ina zancen gyara rafkanwarta? Wata waƙar kuma ba ta da amshi na dabam, sai dai kowane baiti ya rufe da kalmomi guda. Haka waƙar nan ta gidan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Tabbat Haƙiƙa, take, kuma daga waɗannan kalmomi na rufewa ta sami sunanta. 'Yar Shehu, Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, da irin waɗannan waƙoƙi ta karantar da matan karkara. Jajis suna zuwa wurinta su haddace, su koma ƙauyukansu su biya wa 'yan'uwansu mata, waɗanda ake kira 'Yan Taru. Matar da ke daka ko kaɗi ba ta da hannun riƙe takarda, amma bakinta da kunnenta a sake suke. Ina kyautata zaton kunnen kakar nan tamu gadon wannan tarbiyya ne.

In kuwa wani yaro ya ce maimaitawa tana gundurarsa, sai ya lissafa sallar da yake yi. Raka'a 17 ce ta farilla a yini da dare, ga mai salla shi kaɗai Fatiha 17 ke nan, sujjada 34, kabbara 94. Gobe ma haka, jibi ma haka. Waƙar da ke koyar da irin wannan ibada, in ta yi ta komowa kan kalma ɗaya, ta yi kama da abin da take koyarwa.

Gargaɗi ɗaya kafin in ajiye alƙalami, don na san halinku, wanda aka ba sabon ma'auni komai ya gani sai ya auna. Wannan awo na waƙa ne kawai. Kada in ji wani ya ɗauki aya yana buga mata gwiwa yana neman baharinta. Alƙur'ani maganar Allah ce, ba waƙa ba ce, kuma Allah Ya kore wa Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallama, waƙa a cikin Suratu Yasin. Ilmin jan wasali da ɗauri a karatun Alƙur'ani sunansa tajwidi, kuma yana da nasa darasi ranar Asabar da safe.

Ga aikin gida. Kowa ya kwafi amshin da ajami, ya raba ɗango biyun gaɓa-gaɓa, ya sa (v) da (–) a ƙarƙashinsu, ya yanka ƙafafu kamar yadda na yi a sama. Sannan ya cire "lokaci" ya sa "lokuta", ya cire "dage" ya sa "riƙe", ya faɗa wa wani babba a gida ba tare da rerawa ba, ya rubuto mini wanne ne ya yi ɗingishi, wanne ne ya wuce lafiya, kuma me ya sa. Wanda kuma Allah Ya ba shi ikon shigar da "biyu" cikin baitin ƙabli ba tare da ya karya Mutaƙarab ko ya zubar da "ma" ba, ya kawo mini, zan goge nawa in sa nasa a allo da sunansa.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.